Olive Gotts da Jakin Sidney

A wani ƙauye na gaɓar tekun Norfolk, a Ingila, aka haifi Olive Gotts. Mahaifinta kaguwa yake kamawa da ƙaramin jirgi, mahaifiyarta kuwa ƙodago take yi a gonakin dankali, saboda haka da bakin masunta da na manoma duk ta tashi da su. A makaranta malamarsu ta taɓa tsayar da ita gaban aji don ta kira katantanwa dodman, kamar yadda kowa ke kira a gida. Tun ranar ta koyi Turancin littafi, ta bar na gado a ƙofar makaranta, sai an tashi ta ɗauki abinta.

Da ta girma ta sami aiki a ɗakin shan magani na ƙauyen, tana karɓar marasa lafiya tana rubuta sunayensu. Tana shekara ta shida aka kawo sabon likita daga Landan, Ashworth, mutum mai kirki amma mai gaggawa.

Wata safiya tsoho Sidney Larner ya shigo yana ɗingishi, ƙwaurinsa a kumbure. Ba a jima ba likita ya fito fuska a murtuke, ya ce Olive ta kira masa 'yan sanda. Wai wani Dickey ya shuri dattijon, kuma ba yau farau ba, ga shi Sidney ya ƙi kai ƙara.

Olive ta haɗiye dariya, ta leƙa ciki ta ce, "Kawu Sidney, yau kuma me ka yi masa?"

"Ta baya na bi, 'yar nan. Laifina ne. Shekara ashirin muna tare, ban daddara ba."

Sai ta gaya wa likita cewa a nan dickey jaki ne. Kunnuwan likita suka yi ja. Sidney ya ce in dai 'yan sanda za su tafi da shi, to su zo da karas, don ba ya bin kowa haka kawai.

Daga ranar, duk tsohon da ya shigo, likita sai ya sa a ajiye wa Olive kujera. Ita ta nuna masa cewa in masunci ya ce yana nan daidai gwargwado, to ciwo ya ci shi, a duba shi da kyau. Haka aka gano ciwon zuciyar mutum biyu da wuri.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a wurin. Ba ta taɓa zuwa Landan ba, ba ta kuma ce tana so ba. Yanzu ta yi ritaya, tana kiwon kaji tara a bayan gida. Da hantsi takan zauna kan katangar bakin teku da ƙawayenta, su sha shayi su yi ta hira har jiragen kaguwa su dawo, ta sayi kaguwa biyu ta tafi gida.