Mai Bin Burtali da Mota

A tashar Sabon Birni, shekara ta biyu ke nan ruwa ya ƙi sauka, Inno mai fura tana kallon wani baƙo. Dogo ne ramamme, malfarsa ta sha rana har ta koɗe. Yana tsugune kusa da wata tsohuwar a-kori-kura da ya yi wa rumfar zana a baya. A ciki akwai tabarma da tukunya, da igiyar ɗaure maruƙa wadda ba komai a jikinta.

Da bakin sandarsa yake zana hanya a ƙasa. Duk inda ya aza tsakuwa, nan zai kwana.

"Inna, za ni bi ta Gangara in faɗa Turba, in kwana bakin tabki," in ji shi. "Wurin akwai kyau da hantsi, ciyawa har gwiwa."

"Malam, tabkin ga ya ƙahe tun bara. Kuma wagga ba hanyar mota ba ta, burtalin shanu na. Ka bi ta Isa mana."

Ya gyaɗa kai, amma bai share zanen ba. Inno ba ta tambaye shi ina shanunsa suke ba. Wa bai ga ƙasusuwa a bakin hanya ba bana?

Ya miƙe, ya shafa gefen motar kamar mai lallashin saniya. Kafin ya shiga sai ya waiwaya, ya ɗan dakata don na baya su iso.

Ba kowa a bayansa sai Inno.