Taliyar da Ake Sha

Ko tsufa ya kwashe mini lissafin shekaru, ba na jin zai iya kwashe wata Juma'a da na yi a Guangzhou, shekarar da Sinawa suka karɓi wasannin Olamfik. Ranar na gano akwai abincin da nahawun Hausa bai shirya masa ba.

Kafin nan malamin makaranta ne ni, Hausa nake koyarwa a sakandare. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana saro jakunkuna daga kasuwar Shiling ta can zuwa Kano, ya kuma taho da ni ne don gwaji: in na ci, ya bar ni can wakilinsa, in na faɗi, in koma ga allina. Ni kuwa tun a jirgi na cika masa baki cewa na fara karanta rubutun Sinanci. Gaskiyar magana, kalma biyu na mallaka: nihau ta gaisuwa, da meyo, wato babu.

Gari ya ɗauki harama, kowane shago da talabijin, 'yan ƙwallonmu na ta ci muna ta ihu. Sai dai an tsananta biza, matar da ke mana tuwo a unguwar Dengfeng ta rufe ta koma gida. Kwana uku Kawu na kan shayi da burodi. Muna dawowa daga Masallacin Huaisheng, zufa ta jiƙa mu sharkaf, ya ce, "Malam, yau iliminka zai ciyar da mu."

Na faɗa shagon da ke ƙasan gidanmu. Can na hango wata leda mai hoton taliya, da yankan kankana a kai. Kankana a taliya! Na ji kamar na tsinci sabon babi a littafin da na zaci na sauke. Na zana alade a takarda na nuna wa mai shagon, ta tuntsire da dariya ta ce, "Meyo!" Na sayi huɗu. Ta bi ni da wani dogon bayani, ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Na yi wa guda biyu abin da kowane Bakano ke yi wa taliyar leda: ruwa ya tafasa, na zuba, na juye romon kankanar da ke ƙaramar leda, na ƙara attaruhu. Ɗaki ya ɗauki warin dafaffiyar kankana. Wanda bai taɓa jin wannan wari ba, Allah ya ci gaba da rufa masa asiri.

Kawu ya shinshina, ya miƙo mini ledar. "Karanta mini abin da suka rubuta."

Na dubi rubutun, duk zobba da sanduna. Da na ƙaga masa fassara, wa zai gyara ni? Amma ya kafe ni da ido irin na mahaifiyata.

"Kawu, ban iya ba. Ko harafi ɗaya."

Nan take na fara tuno ƙurar alli. Sannan ya ce, "To sauka ka tambayi wadda ta iya."

Da matar ta ga tukunyata sai da ta riƙe ciki don dariya. Ta buga ledar da yatsa ta ce, "Koriya!" Ashe rubutun da na kasa karantawa ma ba Sinanci ba ne. Ta dafa sauran biyun tsurarsu, ta wanke su da ruwan sanyi kamar mai ɗauraye tufa, ta zuba ƙanƙara, ta kwarara romon a kai. Na hau bene da kwano biyu.

Loma ɗaya na ji sanyi ya ratsa mini har keya. Ga tsami, ga zaƙi, ga ɗan yaji yana biyo baya, taliyar kuwa sai ka ja ta kamar roba. Kawu ya taɓa ƙanƙarar, ya dube ni.

"Malam, kai ne mai nahawu. Wannan ci ake yi ko sha?"

Na ce, "Taliya dai ci ake yi, kankana kuma sha. Nan an haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya."

"Kai dai ba ka rabuwa da aji. Abu da sanyi, da tsami, da zaƙi, ai fura ce. Fura mai igiya!"

Ya ajiye cokali, ya kafa kai a kwanon, bai ɗago ba sai da ya ga gindinsa. Ya share gemu ya ce in koma in kwaso duk abin da ya rage a shagon. Ina bakin ƙofa ya tsayar da ni.

"Tun a jirgi na san ba ka iya ba. Jira nake in ji ko za ka faɗa. Wanda ya ce bai sani ba a kan taliya, zai faɗi gaskiya a kan kwantenar kaya. Kai za ka zauna."

Na daɗe ina koya wa yara cewa tambaya rabin ilimi ce, amma sai da na dafa kankana na gane ragowar rabin: kafin ka tambaya, sai ka yarda ka ce meyo.