Wayoyi Goma Sha Bakwai a Shagon Mannir

A shekarar 2021, cikin watan Satumba, aka katse sabis ɗin salula a faɗin Jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Saƙon da a da yake isa nan take ya koma tafiya da ƙafa, kuma ba a ɗaukar wahalar kai shi sai idan mai nauyi ne. Shi ya sa Mannir mai gyaran rediyo bai yi murna ba ran wata Talata da hantsi, da ya ɗaga kai daga teburinsa a Gusau ya ga wansa Tukur tsaye a ƙofar shago, ƙafafunsa duk taɓo. Gero ya nuna a lokacin. Manomi ba ya barin gero tsaye ya zo birni don gaisuwa kawai.

Su biyun 'ya'yan marigayi Jibo ne, makaɗin gangar noma na wani ɗan ƙauye da ke yamma da Bilbis a ƙasar Tsafe. Duk manomin da ya isa a ƙauyen, Jibo ya yi masa take, wato ɗan kiɗan da aka keɓe wa mutum ɗaya, wanda da an ji shi an san wa ake nufi. Jibo yana da ƙa'ida a kan wannan, kuma ya sha nanata wa 'ya'yansa ita. Idan ka ba mutum take ya zama nasa. Ba ka kaɗa wa wani, ba ka hana mai shi, ba ka kuma cewa ka manta, domin makaɗi ba ya ajiye taken mutum sai ranar da aka binne shi.

Tukur ya gaji gona. Mannir bai gaji ganga ba, amma ya gaji kunnen ubansa. Ya tafi Gusau yana saurayi, ya koyi gyaran rediyo, ya buɗe shago. Wata rana wani mai situdiyo ya kawo masa fiyano da ta ƙone, ya ce ya cire abin da zai yi masa amfani ya jefar da saura. Da Mannir ya buɗe cikinta, sai ya lura cewa wani ɗan ɓangare shi kaɗai yana iya fitar da murya idan an ba shi wuta. Ya ciro shi, ya kafa a akwatin katako, ya sa masa abin murɗawa. Daga baya ya haɗa wani akwatin da yake sirantar da muryar ko ya kaurara ta, sannan wani mai datsa ta gunduwa-gunduwa, sannan wani mai maimaita ta. Cikin shekara huɗu akwatunan suka zama tara, jere a jikin bango, kowanne da ramuka a fuskarsa. Babu ɗayansu da yake kiɗa shi kaɗai. Sai an ɗauki gajeriyar waya an soka a ramin wannan, an kai ɗaya bakin ramin wancan, sannan sauti yake samuwa. Yadda aka jera wayoyin shi ne kiɗan, kuma da an zare su ya tafi.

Wannan ne abin da ya fi so a cikin aikin. Kowace safiya, kafin masu kawo gyara su fara zuwa, yakan zare wayoyin jiya gaba ɗaya ya fara sabo. Yakan samo kukan da ya yi kama da na kwaɗi bayan ruwa, ko amon tulu idan an busa bakinsa, ko wani abin da bai yi kama da komai ba. Bai taɓa rubuta yadda ya jera su ba. Ubansa bai taɓa rubuta take ba, shi ma bai ga dalilin da zai sa ya rubuta ba. Abdu makanike, maƙwabcinsa, yakan leƙo ya ce, "Injiniya, yau kuma wane aljani anka kama?" Mannir yakan ce, "Ƙanen wanda ke cikin injin da ka gyara jiya, shi ma ya ƙi tashi."

A 2016 wani ɗan kabu-kabu mai suna Lawwali ya kawo ƙaramar lasifikar da yake ɗaure wa babur ɗinsa don a gyara. Ɗan ƙauyen da ke kusa da nasu ne, kuma Jibo ya taɓa yi wa ubansa take. Mutum ne mai yawan dariya da surutu. Ana cikin aiki aka ɗauke wuta, shi kuwa ya nace sai ya ji akwatunan da ake ba shi labari, har ya kwance batirin babur ɗinsa ya miƙa. Mannir ya jona, ya kunna abin da ya jera da safe. Sai wata murya mai kauri ta taso daga ƙasa, ta hau a hankali tana rawa, ta tsinke, ta buga sau uku kamar ganga, ta sake faɗawa ƙasa.

Lawwali ya yi tsalle. "Injiniya, wanga nawa ne! Tsohonka ya yi ma tsohona, kai ko ka yi mini!"

Mannir ya yi dariya ya ce, "Na ba ka. Sai dai kai ba ka da gonar da za a kaɗa maka shi."

"Babur ɗina shi ne gonata."

Ya naɗa masa a mimori, Lawwali ya saka a lasifika ya tafi yana kunnawa a kan titi. Washegari da safe Mannir ya zare wayoyin kamar kullum.

Bayan shekara biyu aka daina ganin Lawwali a tasha. Aka ce ya shiga daji. Can kuma aka ce yana da yara masu bindiga a ƙarƙashinsa. Sannan matan da aka koro daga ƙauyuka suka fara cika gefen titunan Gusau, kuma wata daga cikinsu, mai suna Jummai, ta kafa tiren gyaɗa kusa da shagon. Ita ce ta ba da labari wata rana cewa kafin a ga baburan, akwai wani kuka da ake fara ji daga nesa, ba na dabba ba, ba na mota ba. Ta kwaikwaya da bakinta: ya hau, ya tsinke, ya buga sau uku. Mannir yana riƙe da ƙarfen narka dalma a lokacin, bai san ya ɗora shi a kan yatsansa ba sai da ya ji ƙauri. Ba wanda ya gaya wa sai matarsa Suwaiba.

Saboda haka, da Tukur ya zauna a benci ya sha ruwa, ya ƙi taɓa abincin da aka sayo masa, Mannir ya riga ya san daga ina saƙon ya fito.

"Yaya, Iya lafiya?"

"Lafiya lau take. Ta ce in gaishe ka." Tukur ya dubi akwatunan da ke bango, ya kawar da kai. "Mutumin ya aiko. Abin da ka sa mai kiɗin a ciki ya lalace, ruwa ya shige shi. Bai taɓa bari wani ya kwafa ba, ya ce take nashi ne shi ɗaya. Yana son wani. Ya ce ba mai sa lauje a gero, mu da gidaje arba'in, sai takenai ya iso. Ya ba mu zuwa Juma'a ta sama."

"Yaya, shekara biyar ke nan da na zare wayoyin nan. Ban san yadda na jera su ba."

"To in koma in ce mai mi? In ce ɗan Jibo ya mance takenai?" Tukur ya rage murya. "Shi ma ya san ƙa'idar Baba, Mannir. Ya san ranar da makaɗi ke mance taken mutum. In na faɗi haka, cewa zai yi mun yi mai fatan kabari. Kai kana birni. Mu muna can da Iya."

A waje Abdu yana dukan wani ƙarfe.

"Tsuntsaye sun fara sauka," in ji Tukur. "In anka ƙara ruwa biyu a kan geron, ko ya bari mu yanka babu abin yankawa."

Da Mannir ya koma gida da la'asar ya gaya wa Suwaiba, tana tsintar shinkafa, ba ta ɗaga kai ba. Ita 'yar wajen Kekun Waje ce a ƙasar Bungudu, kuma danginta suna can.

"Malam, in ka mayar masa da shi, a ƙofar wa za a kunna?"

"Da shi da babu shi, za su je inda za su je."

"Haka ne. Amma da hannunka za su je."

"In ban yi ba, Iya za ta ci me bana?"

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ba su sake tayar da maganar ba.

Ya rufe shago ga masu kawo gyara, ya zauna gaban akwatunan, Tukur yana gefe a kan benci. Kunnensa bai manta ba, hannunsa ne ya manta. Ran farko ya samo kaurin muryar. Ran na uku ya samo hawan da tsinkewar. Ran na huɗu bugun nan uku ya zauna daidai, da waya goma sha bakwai a soke. Amma muryar tana hawa a miƙe, sumul, babu rawar nan da take yi. Ya sauya wayoyi, ya murɗa duk abin da ake murɗawa, ya buɗe akwatuna biyu ya sake like su da dalma. Tukur, wanda ya taɓa jin abin sau biyu daga cikin gona yana kwance tsakanin kunyoyi, yakan girgiza kai ya ce, "Ba shi ba ne. Wancan kamar yana jin sanyi."

Ran na shida da azahar aka ɗauke wuta. Mannir ya leƙa wajen Abdu neman batir.

"Sai dai wanga," in ji Abdu, ya tura masa wani tsohon batirin babur da ƙafa. "Ya kusa mutuwa, kamar mai shi. In ya tayar maka da aljanin, ka ce ina gaisuwa."

Mannir ya jona, ya kunna. Muryar ta taso daga ƙasa, ta hau, kuma da yake wutar batirin ba ta isa ba, sai ta kama rawa. Ta tsinke, ta buga sau uku. A nan ya gane cewa rawar ba daga gwanintarsa ta fito ba tun farko, daga gajiyayyen batirin Lawwali ta fito.

Bai kai ga kashewa ba ya ji ƙarar tire a ƙasa. Jummai mai gyaɗa ta zubar da kayanta, ta yanka a guje tsakiyar titi ba takalmi, tana kiran sunayen 'ya'yanta. Wasu mata biyu suka bi ta. Masu shaguna suka fara jawo ƙofofi, ba su san abin da ake gudu ba. Tukur kansa ya tsinci kansa a tsugune bayan benci. Abdu ya tsaya a ƙofar shagon da sifana a hannu, ya dubi akwatunan, ya dubi Mannir, ya daɗe yana dubansa. Bai yi wasa ba a wannan karon. Ya juya ya koma wajen aikinsa.

Mannir ya rage sautin har sai an kara kunne, ya naɗa a sabon mimori. Tukur ya ɗinke shi a cikin haɓar rigarsa, ya kama hanyar Tsafe washegari da sassafe. Aka yanke gero a makon da ya biyo. Tsuntsaye sun ci nasu, amma an samu abin da ya kai gidaje arba'in ɗin rani. Tukur ya aiko da dami biyu, tare da wani saƙon na baki: mutumin ya ji daɗi, ya ce a gaya wa Injiniya kada ya sake yin nisa da taken, domin mimori abu ne mai lalacewa.

Washegarin tafiyar Tukur, Mannir ya zo shago da safe, ya miƙa hannu zai zare wayoyin kamar yadda ya saba, sai ya tsaya. Ya ɗauko takarda zai zana yadda suke, ya tuna cewa takarda tana iya faɗawa hannun kowa, kuma akwai masu neman wanda ya yi wannan kiɗan. Ya mayar da ita. Ya samo wani tsohon zane na Suwaiba ya lulluɓe akwatunan tara.

Bayan wata biyar, gwaggon Suwaiba, Inna Hauwa, ta iso Gusau daga ƙasar Bungudu da ƙullin kaya ɗaya da jikoki biyu. An tashi ƙauyensu da rana tsaka. Da take ba da labari a tsakar gida, ta ce sun fara jin wani kuka daga bakin rafi, ta ɗaga hannu tana nuna yadda yake hawa. Suwaiba ta tashi ta shiga ɗaki. Mannir ya zauna ya saurara har ƙarshe, domin tsohuwar shi take kallo tana magana, a matsayinsa na maigidan da ya ba ta masauki.

Yau Mannir yana nan a shagonsa a Gusau, yana gyaran rediyo da salula da fitilun sola. Inna Hauwa tana zaune a gidansa, tana sa masa albarka kullum, ba ta san komai ba. Jummai ta mayar da tirenta wata unguwa. Abdu yana amsa sallamarsa, amma bai sake kiransa Injiniya ba. Iya tana raye, ana noma a ƙauyen, shi kuwa bai taka can ba tun wannan shekarar. Ba a sake aiko masa ba, ba a kuma ji cewa Lawwali ya mutu ba. Wayoyi goma sha bakwai suna nan a ramukansu a ƙarƙashin zane, tsohon batirin yana ƙasan tebur, kuma tun daga ranar bai sake haɗa wani sabon sauti ba.