Tasallah da Baturen da Ya Zo Neman Kaɗaici

Kakar uwata, Tasallah, mai bandar kifi ce a unguwar masunta da ke bakin Kwara, a ƙasar Bagudo. Ban riske ta ba, amma na riski tsofaffin da ta dama, kuma har suka mutu ba su gama ba da labarinta ba. Kifinta har kasuwar Dole Kaina ake kai shi, mutanen ƙasar Faransa su saya su ƙetare da shi. Sai dai gaisuwa ce ta yi mata suna. Ba a haihuwa, ba a rasuwa, ko ciwon haƙori ba a yi a unguwar nan Tasallah ba ta iso da ƙwaryar kunu ba. An ce wani ya taɓa yin tuntuɓe a hanyar Zagga, kafin ya ɗingiso gida ya tarar da ita zaune tana jiransa da sannu. Mijinta Labbo kuwa shiru-shiru ne, don ya daɗe da gane cewa ba a rage masa magana a gidan.

Abin da ba ta iya gani ta ƙyale shi ne mutum zaune shi kaɗai. A wurinta duk mai kaɗaicewa ko ba shi da lafiya, ko yana fushi, ko kuwa maye ne, kuma kowanne daga cikinsu bai kamata a ɗauke masa ido ba.

To, a shekarun da Turawa ba su daɗe da kafa mulki ba, lokacin da ganin Bature ɗaya kan watsa kasuwa, sai ga wani ya sauka daga kwalekwale. Ɗan mishan ne, ana ce masa Bunyaminu. Ya shekara da shekaru yana zaga ƙauyukan bakin iyaka, yana wa'azin Almasihu, yana wanke gyambo, yana cire haƙori. Turawan mulki sun hana irinsu wa'azi a garuruwan Musulmi, kuma wannan ne ma ya kawo shi: wurin da ba shi da aikin yi yake nema. Mai gari ya sauke shi a bukkar bayan gidan Labbo, sannan ya ja Labbo gefe ya ce masa Baturen nan da ƙafarsa ya shigo, to da ƙafarsa zai fita. In ya mutu a gidan, Labbo ya san abin da zai gaya wa Di'o, Baturen mulki, shi dai mai gari ba ruwansa.

Baturen yana jin Hausa sarai. Ya yi wa Tasallah bayani cikin ladabi cewa so yake ya kaɗaita 'yan kwanaki, ya huta, ya yi addu'a. A riƙa ajiye masa abinci a bakin ƙofa, kada kowa ya shigo. Tasallah ta san halwa, ta ga malamai suna yi. Amma ta dube shi sama da ƙasa: wuya kamar na zalɓe, idanu sun faɗa, wando ɗaure da igiya. Ta ce wa Labbo malamin da zai shiga halwa da tsokarsa yake shiga, wannan kuwa in aka bari ya ja ƙyaure, gawa za a buɗe a tarar.

Ta ajiye tuwo da miyar kifi, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Ita da ake rububin miyarta! Nan fa ta fara. Ta share ƙofar bukkar har ƙasa ta yi rami. Ta riƙa tarin ƙarya a jikin zana. Ta turo wanzami da ƙahonsa, Bature ya sallame shi. Ta turo Kubura mai magani da jiƙon shawara, ya karɓa ya yi godiya, ya shayar da gindin tsamiya.

Kafin ka ce me, labari ya bazu cewa baƙon Tasallah yana kwance. Matar da ta gaishe da kowa, wa zai ƙi zuwa gaishe da baƙonta? Unguwa ta yi layi. Kowa ya durƙusa a bakin ƙofa ya tambayi jiki, shi kuma bawan Allah, da yake an koya masa ladabi, sai ya amsa musu ya ce "da sauƙi." Mutane su miƙe suna girgiza kai, su ce ai ga shi da bakinsa ya faɗa. Ya ɗauki tabarma ya gudu bakin ruwa, masunta suka riƙa karkato jirage suna yi masa sannu. Daga ƙarshe ya roƙi Labbo ya kai shi wani tsibirin yashi a tsakiyar Kwara, ya bar shi can har la'asar. Bai gama shimfiɗa tabarma ba ya hango wani jirgin tafe, Tasallah a tsakiya ta rungume ƙwarya, wai ta tuna akwai kada a wurin.

A nan haƙurin Bature ya ƙare. Ya miƙe tsaye, fuska ja wur.

"Uwar gida, don girman Allah, me na yi miki?"

"Mi ka yi man? Ba ka ci, ba ka kwana. Addu'ar ma da ka ce ka zo yi, na kasa kunne, ban ji kana yi ba."

Sai ya koma ya zauna a kan yashi. Ya ce gaskiyarta. Tun damina bai iya addu'a ba. Matarsa ce zazzaɓi ya kashe a wani ƙauye can bakin iyaka. Shi ya haƙa kabari, shi ya karanta abin da ake karantawa, washegari ya koma wanke gyambo, don a ganinsa aikin Ubangiji ba ya jira. Tun ranar in ya durƙusa sai bakinsa ya bushe. Yana gaya wa mutane su kai nauyinsu ga Allah, shi kuwa nasa ya kasa ɗagawa.

"Ni da Ubangijina ba ma magana," in ji shi.

Tasallah ta ajiye ƙwarya. Ta tambaye shi wa da wa suka zo masa gaisuwa. Ya ce ba kowa, shi ne ma ya ce kada a zo, akwai marasa lafiya suna jira.

Wallahi duk lokacin da na kawo nan sai raina ya ɓaci, balle ita. An ce har gaɓa ana jin faɗanta. Mutum ya binne matarsa kamar an binne kaza, ko tabarma bai shimfiɗa ba, sannan ya zo yana neman hutu a kan yashi da kada? Ta tasa shi gaba zuwa jirgi, shi kuma ya bi, don ba shi da sauran ƙarfin gardama.

Ta aika wurin liman. Liman ya ce ba wa mai rashi haƙuri ba laifi ba ne, ko daga ina ya fito. Washegari da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Labbo, aka zaunar da Bature a tsakiya, aka cire masa takalma. Tasallah ta sa ya faɗi sunan matar. Da ƙyar ya ce Mariyamu, don tun damina sunan bai fito daga bakinsa ba. Mutanen da suka zo dubiya jiya su ne suka dawo ta'aziyya yau, kowa ya tsuguna ya ce Allah ya ba shi haƙurin rashin Mariyamu. Da farko yana amsawa ɗaya-ɗaya kamar mai karɓar baƙi a ofis. Da tsoho Yero, wanda shi ma ya rasa tasa bara, ya zo ya zauna kusa da shi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, sai Bature ya kifa kai ya yi kuka irin na yara. Ba wanda ya hana shi.

Bayan azahar ya cinye tuwo malmala biyu, ya kishingiɗa jikin kwandon kifi, a tsakiyar surutun jama'a, ya daina motsi. Labbo ya fara shirya abin da zai gaya wa Di'o. Sai aka ji minshari. Tasallah ta fito da muciya ta kori mutanen da ita ta tara su, tana ce musu marasa tausayi, ba su ga baƙo na hutawa ba? Aka ɗauke shi cak aka kai bukka. Sauran kwanakin ita ta tsare ƙofar, ko akuya ba ta isa ta gifta ba.

Wata safiya tana jera kifi a kan banda sai ta ji muryar Bature daga bayan zana, da harshensu. Ya yi magana ya tsaya, ya ci gaba, wani lokaci kamar mai faɗa, wani lokaci ƙasa-ƙasa. Ko kalma ɗaya ba ta gane ba, amma ta tsaya da kifi a hannu har hayaƙi ya cika mata ido. Labbo ya dawo daga ruwa, ya jingine filafilin tuƙin jirgi, ya ɗaga murya yana tambayar yadda baƙo ya kwana.

"Maigida, rage murya," in ji ta. "Sun shirya, shi da Ubangijinsa."