Wuyan Kofur

Shekarar canjin hannu ta same ni a shingen hanyar da ta fita daga Kazaure ta nufi Babura, ina ɗan sanda marar igiya ko ɗaya. Shingen ba wani abin kirki ba ne, ganguna biyu ne da gora, sai wata tsamiya da muke raɓawa idan rana ta take. Mu biyu ake turawa, ni da wani kofur, Kirista ne daga can wajen Jos, wanda saura masa wata bakwai ya ajiye kaki. Ya riga ya sayi kwanon rufi ya aika gida. Ba shi da wata hira sai ta gonar dankalin da zai koma ya noma da ƙafafunsa biyu, har na haddace inda rafin yake da inda gonar ƙaninsa ta fara.

Shi ya koya mini yadda ake tunkarar motar da aka tsayar. Ba a tsayawa a gabanta ko da an kashe inji. Ta baya ake zuwa mata, a leƙa kujerar baya, a san inda hannuwan direba suke. Kafin kuma mutum ya fito daga bayanta ya taka titi, sai ya waiwaya ya ga abin da ke tafe. Yakan ce motar da ka tsayar ba ta cika kashe ɗan sanda ba, wadda ba ka tsayar ba ita ce abin tsoro.

Sai gwamnati ta ce a koma tuƙi ta hannun dama. An yi ta shela a rediyo, direbobi suka sha lacca, amma ba wanda ya tuna da wuyan ɗan sanda. A da mota tana tsayawa ne a gefen hagu, ka fito ta damarta, ka waiwaya ta kafaɗar dama. Yanzu komai ya juye. Tsofaffin motocinmu da sauƙi, don sitiyarinsu ya koma ɓangaren daji. Motocin Nijar ne matsala, da sababbin da kuɗin mai ya fara kawowa, don direbansu yana ɓangaren titi, kuma hanyarmu ba ta rabuwa da su.

Ni cikin mako biyu na saba. Kofur kuwa shekara ashirin da wani abu wuyansa yana juyawa dama. Sai ka gan shi ya isa bayan mota, ya tsaya cak yadda ya koya mini, ya waiwaya dama ya duba gona da kyau, ya tabbatar akuya ba za ta banke shi ba, sannan ya faɗa titi ta hagu. Ranar farko dariya na yi. Ranar da wata motar gyaɗa ta ɗauke masa hula, ban yi ba.

Da yamma ya kira ni gindin tsamiya. Ya ce kansa ya gane, wuyan ne ya ƙi. Ya roƙe ni, duk sanda na ga ya nufi bayan mota, in ce masa kalma ɗaya: hagu. Wata bakwai kacal, in ji shi. Na ce ai wannan ba komai ba ne, Kofur.

Ashe komai ne. Ban san aikin da ya kai tsayuwar titi cin rai ba, balle a bazara, takalmi yana ƙuna, kaki ya manne da baya. A ranar kasuwa muna iya tsayar da motocin da ban san iyakarsu ba, kowacce sai na buɗe busasshen maƙogwaro na ce hagu. Masu fura da ke zama kusa da shingen suka ɗauka, ina faɗa suna amsawa kamar 'yan amshi. Direbobi suka laƙaba mini Hagu. Wani ma ya tambaye ni ko gwamnati ce ta ɗauke ni jagoran makaho. Na ji haushi ƙwarai, na kuma fara jin haushin tsohon da kansa.

Wata uku muka yi a haka. Damina ta faɗi, gero ya fara tasowa. Sau da yawa nakan ga kamar ya riga ni juyawa, sai in ce a raina ai ya koya.

Ranar kasuwar Babura ce, bayan la'asar. Tun safe ban zauna ba. Kofur ya tsayar da wata ƙaramar mota mai lambar Nijar, ya nufi bayanta. A lokacin wata babbar motar shanu ta iso shingen, direban sananne ne, takardunsa lafiya, ni da kaina na ɗaga gora na yi masa hannu ya wuce. Na ga Kofur ya tsaya. Kalmar tana bakina. Ban manta ba, gara in faɗi gaskiya tunda na tsufa. Gajiya ce kawai, da ƙyashin in sake jin masu fura. Ya waiwaya dama, ya duba gero.

Motar shanun ba gudu take yi ba, gefen bodinta ne ya same shi a ƙugu ya kayar, tayar baya ta bi ta kan ƙafarsa.

Kwana uku bayan haka na raka sufetonmu asibiti a Kano don ya rubuta rahoto. Masu fura sun riga sun ba shi labarin hagu, don haka ya tambayi Kofur ko na yi masa magana a ranar. Ina tsaye a ƙarshen gado, ina kallon inda bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa.

"Ya faɗa, ranka ya daɗe," in ji Kofur. "Ni ne ban ji ba."

Sufeto ya rubuta, ya fita neman likita. Na rasa inda zan sa idona. Kofur ya yi mini magana yana kallon rufi.

"Ka gaji ne, na sani. Ni ma na gaji da jin ta."

Na ci gaba da aiki har na yi ritaya da igiya uku, rahoton nan yana nan yadda aka rubuta shi, ban taɓa zuwa na gyara ba. Kurata da yawa sun bi ta hannuna, na koya musu zuwa ta baya da duba hannuwan direba, a bakina kamar ni na ƙirƙiro. Shi kuwa an kai shi gida kafin wata bakwai ɗin su cika. Daga baya wani ɗan garinsu ya gaya mini an buga kwanon rufin, ɗakin ya yi kyau. Gonar dai ƙaninsa ke nomawa.