Na Kama Hayar Shiru a Abuja

Salamu alaikum, jikokina na cikin waya. Masu cewa Kaka Ladi ta yi fushi, da masu cewa kati ne ya ƙare mata, duk kun yi kuskure. Muryar ce ta gudu ta bar ni, shi ya sa kuka daina jin tatsuniya.

Da dishewa abin ya fara. Na ɗauka sanyin damina ne, na sha citta da kanumfari da zuma har na gaji. Wata ya wuce, wani ya bi shi. In na ce "ga ta nan ga ta nanku" sai yara su ce tsohuwar agwagwa ta shigo guruf. Ina dariya tare da su, amma in na shiga ɗaki kuka nake.

A Gusau likita ya zura min siririn bututu mai kyamara ta hanci, ya ce tsiro ne a kan igiyar murya, sai an cire a Abuja. Ɗiyata Hadiza ta tambaya ko ciwon daji ne. Ya ce sai an yanko an gwada. Saniyata da ke kiwo a Nahuce ita ta biya tiyatar.

Likitar Abuja ba ta wasa. Ta tambayi inda zan sauka bayan aiki, na ce gidan ɗan ƙanwata, cike yake da yara, ba zan yi kewa ba. Ta ajiye biro.

"Hajiya, mako guda ba magana, ko raɗa. In kika yi, wurin zai yi tabo, muryar ba za ta dawo ba. Ki je inda ba wanda ya san ki."

Nan Hadiza ta shiga waya neman gidajen nan da ake kamawa na 'yan kwanaki, da gado da firij da tukwane duk a ciki, kai dai ka zo da jakarka. Na farko ya yi kyau a hoto, da ta je sai ga gidan biki a gefensa. Na biyu suka ce a turo kuɗi kafin a gani, ta ƙi. Na uku yana kusa da asibiti, ko kaza ba ta kuka a layin. Da na ji kuɗin kwana ɗaya sai da na dafe ƙirji. Sharaɗinsu mutum biyu ne, ba tara baƙi, in aka saɓa a tattara. Hadiza ta ce ai shi muke nema.

Aka yi aiki, muka tare.

Magani, shaƙar tururi, fate ba yaji. Ko gyaran murya an hana ni. Salla a zuci. In ina son Hadiza, cokali nake bugawa a kofi. Da sakamako ya fito cewa ba daji ba ne, na yi sujada baki a rufe.

Ashe ranar da Hadiza za ta tura wa mai tasi taswirar gidan, guruf ɗin dangi ta tura wa.

Muna tsakiyar makon, da hantsi, maigadi ya bugo ya ce ga mota cike da danginmu na Tsafe a bakin ƙofa. Manajar gidan ta karɓi wayar ta ce mutum ɗaya za a bari, a taƙaice, in ba haka ba mu bar gidan yau. In mun bar shi, sai gidan ɗan ƙanwata mai yaran nan.

Na leƙa ta taga. Yaya Mamman ne a gaba, wana uwa ɗaya uba ɗaya. Ya haura tamanin, kunne ya yi nauyi, ya biyo hanyar nan da kowa ya san halinta don ya duba ni.

Ya shigo ya zauna, ya jero gaisuwa, ina ɗaga kai kamar ƙadangaruwa. Hadiza ta matsa kusa da kunnensa ta ce ba daji ba ne, likita ce ta hana magana. Ya kore ta da hannu. Ya ce haka yara suka yi ta gaya masa a kan matarsa har aka kai ta makwancinta.

"Ladi, ke nika tambaya. In tahiya ce ki hwaɗa min da bakinki, mu yahi juna."

Kalma ɗaya ce, kuma da ƙarfi zan faɗe ta kafin ya ji. Ta taho har maƙogwaro. Hadiza ta riƙe gwiwata. Na girgiza kai, bai yarda ba. Na ɗaga hannu sama alamar godiya ga Allah, ya ɗauka na sallama ne, sai hawaye suka zubo masa.

Na buɗe baki. Hadiza ta runtse ido.

Na zaro harshe na yi masa gwalo. Ni da jikoki, shi kuma wan da ko sunansa ba na faɗa gatsal.

Ya daɗe yana kallona. Can ya share ido da hannun riga, ya juya wajen Hadiza.

"Wagga ba inda za ta. Tun tana ƙarama ba ta da kunya."

Ya sauka ya kwashe mutanensa.

Da mako ya cika, likita ta sake zura kyamara, ta ce wurin ya haɗe, in gwada. Na ce alhamdulillahi. Muryar ta fito siririya, amma tawa ce, ba ta agwagwa ba. Magana ta biyu kuwa, na gaya wa Hadiza fatenta ba gishiri.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas, da Hadiza da ta bar aikinta ta zauna da uwa mai buga cokali, da ku masu addu'a.

In murya ta dishe ta ƙi dawowa, a ajiye citta a ga likita. Mai kama irin gidan nan don jinya ya aika a gani da ido kafin ya biya, ya tambayi wuta da ruwa da nisan asibiti, ya ji dokarsu a kan baƙi. Kuma a duba wa ake tura wa adireshi.

Yaya Mamman ya aiko wai yana jiran in zo Tsafe in ba shi haƙuri. Na ce a gaya masa likita ba ta yarda min da doguwar magana ba tukuna.