Yaya Ilyasu da Kaset ɗin da Aka Ƙona

Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Alhamis, sha bakwai ga watan Afrilu na 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana Ilyasu, mai gyaran rediyo a kasuwar Garwa, bayan doguwar jinyar ciwon ƙirji. An yi masa sallah bayan azahar. Ni ce Nafisatu, ƙanwarsa. Karatuna na lekwal, wato boko, bai yi nisa ba, saboda haka zan faɗi magana yadda take, kuma da shi zan yi ta, domin shi ne ya saba saurarona.

Yaya, kai ka ɗauko ni daga Meiganga lokacin da mijina ya rasu. A bayan motar shanu ka zo, don ba ka iya jiran ta fasinja ba. Ka ce in tattara kayana, akwai ɗaki jikin naka. Ba ka taɓa bari na ji kamar zaman alfarma nake yi ba, matarka Adawiyya ma haka.

Ta bangon ɗakin nan na fara jin kiɗan jaz. Kasuwa ta san ka da gyaran rediyo, amma ranka yana wurin sakso, ƙahon nan na tagulla mai lanƙwasa da ake busawa. Malaminka wani tsoho ne baƙar fatar Amurka, wanda ya mutu tun kafin ka san sunansa. Ba ku taɓa haɗuwa ba sai a kaset. Ba ka iya karanta rubutun kiɗa ba, da kunne ka yi karatunka.

Duk unguwa ta san kana karɓar batir da ya kusa mutuwa. Mata su aiko maka da na tocilansu suna dariya, wai Ilyasu ya fi son gajiyayye. Gajiyayyen batir yana jan kaset a hankali, busar da ta wuce kamar tsuntsu sai ta koma tafiyar tsohuwa, a ji kowane sauti shi kaɗai. Ka saurari ɗan guntu, ka zare kaset ɗin, ka mayar da shi baya da biro don kada batir ya ƙarasa mutuwa. Ka rera guntun da baki har ya zauna, sannan ka ɗauki ƙaho.

Ni da fari hayaniya na ɗauke shi. Wata rana da la'asar ka ce in ajiye tsintsiya in zo. Ka nuna mini yadda tsohon yake fara faɗin waƙar sak, kamar mai gaisuwa, daga nan ya saki hanya ya shiga faɗin abin da ya zo masa a ransa a lokacin, ba wanda ya shirya masa. Kana da waƙa guda a kaset biyu, ka sa mini su a jere, na ji bai maimaita kansa ba ko sau ɗaya.

“Ji nan, Nafi,” ka ce. “Numfashinsa ya yanke. Da wani ne sai ya yi sauri ya rufe. Shi ya tsaya, ya bar mai ganga ya wuce, ya biyo shi a baya hankalinsa kwance.”

Daga ranar na fara ji. Da ƙirjinka ya yi rauni likita ya hana ka busa, ni na zama numfashinka. In zauna a bakin ƙofa ina tsinke zogale ina rera busar tsohon, kai kana danna maɓallan ƙahon ba sauti. In na kauce sai ka ɗaga gira ɗaya, in koma baya.

Akwai kuma maganar Inna, mahaifiyarmu. Tana da wata waƙa da take yi in tana niƙa a dutse, ta gaje ta wurin kakarmu. Ka ce yadda take sauke ƙarshen murya in dutse ya dawo, haka tsohon nan yake sauke busarsa, kamar gida ɗaya suka tashi. Ka matsa mata har ta yarda ka ɗauki muryarta. Ba ka da kaset marar komai a ranar, sai ka sadaukar da bayan wani kaset na malaminka, wanda ka fi so duka. Inna tana rerawa tana rufe baki don kunya, har dariyarta ta shiga. Bayan ta rasu, duk ranar da kewarta ta kama mu, juya kaset ɗin kawai muke yi. Ba mu da muryarta a ko'ina sai nan.

Babban wanmu, Alhaji Kamilu mai shagon atamfa, ya rantse ba zai taka ɗakin da ake wannan kiɗa ba. Ba ka taɓa rama masa ba. Kai kake gyara masa rediyo, kai kake fara gaishe shi ranar Sallah. Ka sha son gaya masa Inna tana nan a ɗakinka, amma da ka ambaci kaset sai ya ɗaga maka hannu ya canja magana.

Ranar da ka rasu ya shiga ɗakin karo na farko. Ana can ana yi maka wanka, shi yana kwasar kwalayen kaset ɗinka zuwa bayan gida inda muke ƙona shara. Warin roba ne ya fito da ni daga cikin mata. Na tarar ya zuba kalanzir, wuta ta riga ta ci. Ya ce nauyin kabari yake rage maka, wai duk wanda ya saurari abin da ka bari, zunubin zai bi ka. Bai tambayi Adawiyya ba, bai tambayi 'yarka Hindu ba. A yinin nan kuma ya kori Didier, abokin busarka na unguwar Yelwa tun kuna samari, wanda ya zo yana kuka, matarsa Jeanne ɗauke da abinci. Ya ce musu babu wurin makaɗa a tabarmar makoki. Ƙahonka ya tsira ne kawai don yana wurin Didier ana gyara shi.

Ranar sadakar uku Alhaji ya shigo wajen mata ya ce mu yi haƙuri, alheri ya nufe ka da shi. Na bari ya gama.

“Alhaji, ka tuna waƙar niƙan Inna?”

Ya ce yana tuna tana yi, amma muryar ta ɓace masa, ya daɗe yana neman ta a kansa.

“Tana bayan kaset mai hoton baƙin mutum da ƙaho. Har da dariyarta. Kai ka zuba mata kalanzir.”

Ya tsaya kamar bai ji Hausa ba, sannan ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Can ya ɗago ya ce, “Nafisatu, kin iya ta?” Na ce na iya, har inda take jan numfashi. Ya ce in rera masa ko sau ɗaya. Na ce a'a.

Tun ranar yake aike. Ya turo matarsa, ya turo gwaggonmu, ya turo liman. Liman ya yi mini nasiha a kan yafiya, na saurare shi da ladabi, na ce na ji. Yaya, na san da kana nan da ka ce in bari. Kai ne mai haƙurin gidanmu, ni ban samu ba. Mutumin nan ya ƙone aikin rayuwarka gawarka tana kwance a gidan, ya ƙone uwarmu, ya wulaƙanta wanda ya fi shi sanin ciwonka. Ban yafe ba.

Ga abin da nake yi. Ranar Asabar da la'asar nakan sa mayafi in tafi gidan Didier. Jeanne ta shimfiɗa mini tabarma, in rera, shi ya bi da ƙahonka, guntu-guntu yadda ka koya mana. Mun fara da busar malaminka, yanzu mun kai waƙar Inna. Ranar da Didier ya sauke ƙarshenta daidai, sai da na fita waje na share fuska. Na aika wa Alhaji cewa daga bakina ba zai ji ta ba har in koma ga Allah. In yana son jin uwarsa, ya san hanyar Yelwa. Ya zo ya yi sallama a ƙofar wanda ya kora, ya cire takalmi, ya zauna, ya ji ta daga ƙahon da ya kira haram.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya Ilyasu. Allah Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara, Ya haɗa ka da Inna a gidan rahama. Ina yi wa Adawiyya da Hindu ta'aziyya, Allah Ya ba su juriya, Ya tsaya musu. Ina yi wa Didier da Jeanne ta'aziyya, da abokan sana'arka na kasuwa, da matan unguwa da har yanzu ba su san inda za su kai gajiyayyen batir ba. Alhaji Kamilu ma ɗan'uwa ya rasa, ina yi masa ta'aziyya. Asabar da la'asar muke zama.